Sababbin 'Yan Sanda Da Gobarar Hunturu

Kwanan baya aka ƙaro mana sababbin 'yan sanda a unguwarmu, samari ne da suka fito daga makarantar horo ta Kaduna. Mun yi murna ƙwarai, gama ɓarayi sun dame mu. Amma ni akwai ɓarawon da na fi tsoro, wanda ba ya haura katanga, a ɗaki ake kwana da shi, watau wuta.

Ga hunturu ya kama, kome ya bushe. Tsohuwa ta tura kaskon garwashi ƙarƙashin gado, barci ya kwashe ta. Wani ya ɓoye galan na fetur kusa da murhu. Wata ta jona hita a bokiti, aka ɗauke lantarki, ta mance, aka maido da shi tsakar dare. Ga tagogi an garƙame da ƙarfe don ɓarawo, ba mafita. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba ya bukatar wa'azi.

To, samari, ku ne idonku biyu sa'ad da gari ke barci. In kun hangi hayaƙi ku ta da mutane, ku kira 'yan kwana-kwana, ku buɗe wa motarsu hanya, ku kori masu wawaso.

Amma fa, maigida, ɗan sanda ba shi da ikon shiga ɗakin matarka ya kashe kasko. Wannan aikinka ne kafin ka kwanta. Allah ya kiyashe mu, amin.