Lesin: kalmar da ta taso daga karatu

Bayan sallar la'asar a Kankiya, ko a Kusada, za ka ga yara sun kasu gida biyu. Wasu na sanye da hijabi da kayan Islamiyya, wasu kuma riƙe da litattafan boko sun nufi wani shago ko zauren da aka jera benci. Ka tambayi na biyun ina za su, za su ce maka lesin. Kowa ya san abin da ake nufi: darasin da ake biya wa kuɗi bayan an tashi daga makaranta, musamman idan jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato.

Kalmar Turanci ce, lesson, amma ba Turawan Ingila ne suka ƙirƙire ta ba. Sun aro ta daga Faransanci, leçon, tun wajen ƙarni na 13, su kuma Faransawa sun gaje ta daga Latin, lectio, wato karantawa. A farkon shigarta Turanci, ma'anarta ita ce wani yanki na littafin addini da mutum zai miƙe ya karanta da ƙarfi a coci, jama'a na sauraro. Har yau wannan ma'ana ba ta mutu ba: a Kwalejin King's da ke Cambridge, tun 1918 ake yin ibadar jajibirin Kirsimeti mai ɗauke da karatu tara, kuma da wannan kalma ake kiran kowannensu. Lacca ma, wadda malaman jami'a ke yi, daga wannan tushen ta fito.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, Bahaushe ya bi wannan hanya ba tare da ya san Latin ba. Karatu daga Larabci muka samo shi, daga tushen da ya haifi kalmar Alƙur'ani. Makaranta kuwa wurin karatu ce, ba wani abu ba. A tsangaya ko zauren malam, ɗalibi ne ke buɗe baki ya biya allonsa, malam na sauraro yana gyara, kuma ba a yi masa ƙari sai ya iya na jiya. Wannan ƙa'ida, a ganina, ta fi yawancin abin da ake kira tsarin koyarwa na zamani hikima.

To, ina karatun yake a lesin ɗin yau? A hutun da ya wuce na miƙa wa 'yar yayata, wadda ke aji biyar na firamare, wani ɗan littafin labari na Hausa. Wata biyu tana zuwa lesin. Ta iya rera jadawalin ninkawa kamar waƙa, amma layi uku suka gagare ta. Na duba littafinta, sai na tarar da shafuka cike da amsoshin da aka kwafa daga allo, an yi musu maki da jan biro.

Ba na ɗora laifin a kan malaman. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, dole ya nemi abin cefane da yamma. Amma akwai rashin adalci a cikin lamarin. Dokar UBE ta 2004 ta yi alkawarin ilimin shekara 9 kyauta ga kowane yaro. Idan ainihin koyarwar ta koma zauren da ake biya, to yarinyar ƙauyen Kusada da ke burin shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, wadda mahaifinta ke jiran kakar gero kafin ya ga kuɗi, an riga an cire ta daga layi tun ba ta kai aji shida ba.

Su ma masu biyan, da yawansu asara suke yi. Shi ya sa na ba yayata shawarar da zan ba kowane mai karanta wannan: kada ka tambayi malamin lesin shafi nawa aka rubuta. Ka zaunar da yaron bayan magariba, ka ba shi shafin da bai taɓa gani ba, ya karanta da ƙarfi, sannan ya gaya maka abin da ya fahimta da bakinsa. Ta gwada hakan mako biyu, ta janye yarinyar daga lesin, yanzu babban wanta ne ke zama da ita minti 20 kowane dare.