RA'AYINMU: Gasar Waƙoƙin Turai Da Aikin Da Ke Gabanmu

A watan Mayu ne ƙasashen Turai sukan yi wata gasa ta waƙe-waƙe wadda ake nunawa kai tsaye a talbijin, ana ce da ita Eurovision. A da sai dai a ji labarinta daga nesa, amma yanzu, albarkacin tauraron ɗan'adam da wayar hannu, har a Ƙetaren Gwari cikin garin Minna akan sami samari suna raba dare wajen kallonta, gari ya waye su shiga gardamar wanda ya cancanci ci. Wannan jarida ba ta ga laifinsu ba, domin mu ma muna cikin masu sha'awar kallon. Abin da ya dame mu shi ne, har yau mu 'yan kallo ne kawai, alhali kuwa Allah ya hore mana duk abin da ake bukata mu yi tamu.

Ya kamata masu karatu su san asalin abin. Ƙungiyar gidajen rediyo da talbijin ta Turai ce ta ƙirƙiro gasar, aka fara ta a birnin Lugano na ƙasar Suwizalan a shekarar 1956, da ƙasashe 7 kacal, watau shekara 11 bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen da jiya suke jefa wa juna bama-bamai, sai ga su suna gwada murya a dandali ɗaya. Dokokinta kuwa masu sauƙi ne: kowace ƙasa ta kawo sabuwar waƙa ɗaya wadda ba ta wuce minti 3 ba, kada a wuce mutum 6 a kan dandali, ba ƙasar da za ta zaɓi kanta, sa'an nan bisa al'ada wadda ta ci ita ke karɓar baƙuncin ta baɗi.

Ba mu ce gasar ba ta da aibi ba. Akwai shiga da rawar da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma sananne ne cewa maƙwabta, irin su Girka da Saifurus, sukan ba juna maki saboda zumunci. Amma akwai darasi babba a cikinta, shi ne na harshe. Shekaru da dama doka ta tilasta kowace ƙasa ta yi waƙa da harshenta. Da aka soke dokar a 1999, sai kusan kowa ya koma Ingilishi, har ya zama daga 1999 zuwa 2016 waƙa ɗaya tak ce ta ci ba tare da Ingilishi a cikinta ba, watau ta ƙasar Sabiya a 2007. Daga baya sai ga Fotugal a 2017, Italiya a 2021 da Yukren a 2022 duk sun ci da harsunansu na gado. Ashe dai gaskiyar Bahaushe ne da ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

To, ina Afirka a cikin wannan sha'ani? Maroko ce kaɗai ƙasar Afirka da ta taɓa shiga, sau ɗaya, a 1980. A 2021 Destiny Chukunyere, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta zo ta 7, amma tutar ƙasar Malta ta ɗaga. A nan gida an yi Idols West Africa a 2007, an kuma fara Project Fame a 2008 da 'yan takara daga Nijeriya, Gana, Laberiya da Saliyo. Sun fito da mawaƙa na gaske, amma kamfanoni ne suka riƙe su, yawancin waƙoƙin na aro ne, kuma da aka yi 'yan shekaru sai abin ya tsaya. Wanda ya iya kalangu ko goge ko gurmi bai sami ƙofar shiga ba.

Kada wani ya ce ba za mu iya ba. Ƙasar nan ce ta tara baƙar fatar duniya a bikin FESTAC a Ikko cikin 1977, aka yi hawan daba a Kaduna. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta kafa gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu tun 1987. Ƙasar nan ce ta haifi Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, da Barmani Coge, da Hajiya Fatima Lolo ta ƙasar Nufe. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. In ba a yi wa magadansu fili ba, 'ya'yanmu za su tashi sun san mawaƙin Suwidin, ba su san na bayan gidansu ba. Wannan hasara ce wadda kuɗi ba sa mayarwa.

Domin haka muna ba da shawara uku. Ta farko, Gwamnatin Jihar Neja ta fara daga gida. Wanda ya zaga Ƙetaren Gwari zai ji Gwaranci da Nufanci da Hausa da Yarbanci a titi ɗaya. A shirya gasa a ƙananan hukumomi 25 na jihar, a yi ta ƙarshe a Minna, a nuna wa jama'a a talbijin. Ta biyu, Hukumar Talbijin ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1977, ta tuntuɓi takwarorinta na Nijar, Gana, Kamaru da Cadi ta hannun ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Afirka mai mazauni a Dakar, a kafa gasa ta shekara-shekara wadda za ta riƙa zagayawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta uku, a rubuta cikin doka tun ranar farko cewa kowace waƙa sabuwa ce, da harshen gida, da aƙalla kayan kiɗa ɗaya na gargajiya, kuma haƙƙin mallakarta ya zauna a hannun mawaƙi.

Muna kira musamman ga wakilan jam'iyyarmu a majalisun dokoki da su tabbatar an ware wa wannan aiki kuɗi a cikin kasafi, a kuma damƙa alƙalanci ga masana kiɗa da harshe. Lalle ne a tsare gasar daga zama dandalin roƙo da kirarin masu mulki, ko da kuwa namu ne, domin ran da ta zama haka, ran nan jama'a za su juya mata baya. Allah ya sa shugabanni su ji, su kuma aikata, amin.