Gida da Makaranta: Lissafin Tarawa Ba Dodo Ba Ne

 A wannan wata za mu yi magana a kan wani darasi da yake korar yaranmu daga ajin kimiyya, wato kalkulas, musamman sashen da malamai suke kira intigireshan. Mu dai mun sa masa suna lissafin tarawa. Yaro yakan dawo gida ya ce abin ya fi ƙarfinsa, iyaye kuwa su ce to ya bar shi. Ta haka hanyar zama injiniya ko malamin kimiyya takan toshe tun yaro bai kai shekara ashirin ba.

Mene ne lissafin tarawa? Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Wannan shi ne tushensa: a yanka abu ƙanana ƙanana, a auna kowane yanki, sa'an nan a tara.

Ga misali. A ce mutum yana da fadama mai tsawon mita 40, gefe ɗaya a miƙe, ɗayan kuwa yana bin bakin rafi a karkace. Sai ya auna faɗinta bayan kowace mita 10, ya sami 20, 26, 30, 28 da 22. Fadamar ta rabu kashi 4 ke nan. Kashi na fari yana tsakanin 20 da 26, tsaka-tsakinsu 23, sau 10 ya zama 230. Haka sauran za su ba da 280, 290 da 250. Jimla murabba'in mita 1,050. In ya auna bayan kowace mita 5, amsar za ta ƙara kusantar gaskiya. Kalkulas yana tambaya: in yankunan suka yi ta sirancewa ba iyaka, wace lamba jimlar take dosa?

Dabarar ta daɗe. Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Almasihu, ya zana siffofi masu gefe 96 a ciki da wajen da'ira don ya auna kewayenta. A 1615 Kepla ya buga littafi a kan auna cikin ganguna. Niyuton na Ingila ya gano hanyarsa a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij. Laibniz na Jamus ya gano tasa dabam, shi ne kuma ya ƙago doguwar alamar nan mai kama da harafin S da yara suke gani a littafinsu. Ma'anarta jimla, ba wani abu ba. Babban abin da su biyun suka nuna shi ne, tarawa kishiyar lissafin saurin sauyi ce, kamar yadda rabawa take kishiyar ninkawa.

Masu cewa wannan karatu ba na 'ya'ya mata ba ne, su ji. A 1748 Mariya Agnesi ta birnin Milan a Italiya ta buga littafin koyar da kalkulas wanda masana suka yaba ƙwarai. Daga baya ta ba da sauran kwanakinta ga hidimar matalauta da marasa lafiya saboda Ubangiji.

Amfaninsa fa? Da shi ake lissafa yawan ruwan da madatsa irin ta Kainji ko ta Tiga za ta riƙe, da ƙarfin da ruwan yake tura bango da shi. Da shi ake sanin nisan da mota ta yi ko da gudunta yana sauyawa, da yawan maganin da ya ratsa jinin majiyyaci.

Ga shawararmu ga ɗalibai. Da fari, a gyara aljebra, gama yawancin kuskure daga nan yake fitowa. Na biyu, a zana hoton tambaya kafin a taɓa alamomi. Na uku, a ƙware a lissafin saurin sauyi tukuna, sa'an nan a koyi dabarun tarawa ɗaya bayan ɗaya: ta musanya, da ta rabawa kashi kashi. Na huɗu, a gwada kowace amsa ta komawa baya. In ta mai da kai inda ka faro, daidai ne. Tambaya uku kowace rana ta fi talatin a daren jarrabawa.

Iyaye kuma kuna da naku aikin, ko ba ku shiga aji ba. Ku ba yaro fitila da lokaci. Ku ce ya naɗe takarda kamar jinkar ɗaki, bakinta da tsayinta daidai da na gwangwani, ya cika ta da gero ya juye. Sau 3 za ta cika gwangwanin. Ku ce ya bayyana muku dalili da kalkulas ɗinsa.

Mu tuna da misalin talanti a Bisharar Matiyu. Basirar yaro ajiyar Allah ce a gidanmu, kada tsoro ya sa mu binne ta.

Ubangiji ya ba mu hikima. Sai wata mai zuwa.