Sharhi: Wa zai ɗauki nauyin ayarin agajin masu lalurar ƙwaƙwalwa?

Ayarin agajin gaggawa na tafi-da-gidanka ƙaramin rukuni ne na ma'aikatan lafiya da ke zuwa da mota har inda mutum yake a lokacin da lalurar ƙwaƙwalwa ta taso masa, a ɗakinsa ne ko a bakin titi, domin a kwantar masa da hankali, a duba lafiyarsa, sannan a haɗa shi da asibiti idan da buƙata. Manufar ita ce kada ɗan sanda ya zama farkon wanda zai tari mutumin da ya ruɗe ko yake neman halaka kansa, saboda horon ɗan sanda na kamu da tsarewa ne, alhali abin da ke gabansa ciwo ne.

Mafi shahara cikin irin waɗannan ayarori shi ne CAHOOTS, wanda asibitin White Bird ya kafa a shekarar 1989 a birnin Eugene da ke jihar Oregon ta Amurka. Mutum biyu ne ke fita a kowace mota, ɗaya ma'aikacin jinya ko mai ba da taimakon farko, ɗayan kuma wanda ya ƙware wajen lallashin mai fama da ƙunci, kuma ba su riƙe bindiga ko ankwa. Abin da ke cikin motarsu ruwan sha ne da tufafi da kayan ɗaurin rauni, kuma sukan zauna kusa da majinyaci su tambaye shi ko ya ci abinci, ko ya sha maganinsa, ko yana da wurin kwana. Birane da dama, ciki har da Denver a 2020, sun kwaikwayi wannan tsari. Duk da wannan suna, a watan Afrilun 2025 ayarin ya dakatar da aiki a cikin Eugene saboda ƙarancin kuɗi, bayan fiye da shekara 35 yana hidima.

Wannan abin takaici ya nuna inda gizo ke saƙa. A 2021 majalisar dokokin Amurka ta amince gwamnatin tarayya ta biya kashi 85 cikin 100 na kuɗin irin wannan aiki na tsawon shekara uku ta hanyar Medicaid, wato inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, sannan a watan Yulin 2022 aka buɗe lambar waya ta 988 domin masu neman ɗauki. Sai dai tallafi mai wa'adi yakan ƙare alhali ciwon yana nan, kuma inshora ta saba biya ne bisa kowane majinyacin da aka gani, ba ta lissafa sa'o'in da ma'aikata suka kwana suna jiran kira. Ba a biyan 'yan kwana-kwana bisa yawan gobarar da suka kashe, ana ba su albashi ne domin su zauna cikin shiri dare da rana, kuma haka ya kamata a ɗauki wannan ayari.

Waɗanda wannan giɓi ya fi cutarwa su ne mazauna karkara da marasa matsuguni da talakawan da ba su da inshora. A ƙauye kiran bai da yawa amma tafiyar tana da nisa, don haka kuɗin mai da albashi kan zarce abin da inshora za ta mayar, sai ya zama inda asibiti ya fi nisa nan ne ayarin ya fi wuyar ɗorewa.

Darasin ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kafa asusu na musamman domin wannan fanni. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware sun yi wa mafi yawan ƙauyukan arewa nisa, shi ya sa iyali da yawa, bisa rashin mafita, kan kulle ɗansu a ɗaki ko su sa masa mari. Wajibi ne gwamnatin tarayya da na jihohi su zuba kuɗi a wannan asusu, su ware wani kaso tabbatacce a kasafin kowace shekara domin motoci da mai da albashin ma'aikatan da za su riƙa zuwa ƙauyuka. Gudummawar ƙungiyoyin agaji abar godiya ce, amma ɗaukar nauyin majinyacin da ba shi da gata haƙƙi ne da ya rataya a wuyan hukuma.