Cinikin Magani Ba Cinikin Goro Ba Ne

Shekaru da yawa ke nan manyan ƙasashen duniya suna kiran ƙanana zuwa ga abin da su ke ce wa sakin ciniki. Ma'anarsa ita ce a rage kuɗin kwastan a bakin iyaka, a sassauta dokoki, Gwamnati ta janye hannunta daga kasuwa, mai saye da mai sayarwa su daidaita tsakaninsu. Sun ce in an yi haka kaya za su yawaita, kuɗinsu ya sauko. A kan atamfa da gishiri da kananzir wannan magana tana da hujja. Amma da aka kawo ta kan magani sai ta zama mas'ala mai bukatar natsuwa, domin rai ne a ciki.

Dalili kuwa a fili ya ke. Mai sayen goro ya kan ɗauka ya juya, ya fasa ya duba. In bai gamshe shi ba ya wuce gaba, in ya yi tsada ya haƙura sai wata kasuwa. Mai sayen magani ba shi da ikon yin ko ɗaya. Ba ya iya rarrabe ƙwayar kirki da ta jabu da ido, ba ya kuwa iya ce wa zazzaɓin ɗansa ya dakata sai kaya sun yi sauƙi. Saboda haka abu biyu a ke nema ga magani, watau sauƙin kuɗi da inganci. Na farko gasar 'yan kasuwa ke kawo shi, na biyu kuwa ba ya samuwa sai da tsaron hukuma.

A fara da batun kuɗi. Ran 1 ga watan Janairu 1995 aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Cikin sharuɗɗanta akwai wanda ya ce duk kamfanin da ya ƙago sabon magani a ba shi takardar mallaka ta shekara 20, kada wani ya harhaɗa irinsa sai da yardarsa. Kamfanoni sun ce suna kashe dukiya mai yawa wajen bincike, tilas su mai da kuɗinsu. Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai mai hankali ya lura, a nan ba sakin ciniki aka yi ba, shinge aka kafa wa mutum ɗaya a tsakiyar kasuwa.

Ciwon ƙanjamau shi ya tona asirin wannan shinge. Cikin 1996 likitoci suka tabbatar da cewa haɗa magani uku yana tsai da ciwon. Amma kuɗinsa na shekara guda ga mutum ɗaya ya kai dala 10,000 ko fiye, alhali mafi yawan masu ciwon talakawan Afirka ne. Cikin 1997, zamanin shugaba Nelson Mandela, Afirka ta Kudu ta yi dokar da za ta ba ta damar sayo magani inda ya fi araha. Kamfanonin magani 39 suka kai Gwamnatin ƙara a Firitoriya, aka yi ta shari'a, mutane suna mutuwa.

Mafita ta fito daga ƙasar Indiya. Daga 1970 har zuwa 2005 dokarta ta yarda kowane kamfani ya harhaɗa magani irin na wani, in dai ya bi tasa hanyar harhaɗawa. Cikin watan Fabrairu 2001 kamfanin Cipla, na Yusuf Hamied, ya yi tayin ba da maganin nan uku a kan dala 350 a shekara, watau ƙasa da dala ɗaya a yini. Da duniya ta ji haka sai surutu ya yi yawa, kunya ta kama kamfanonin nan, suka janye ƙararsu cikin watan Afrilu. A watan Nuwamba na shekarar aka taru a Doha, aka tabbatar cewa kowace ƙasa tana da ikon ba wani kamfani izinin yin magani ko da mai takardar mallaka bai so ba, saboda lafiyar jama'arta. Gasa ta ci gaba, har cikin 2017 aka daidaita a kan wani sabon haɗi mafi kyau a wajen dala 75 a shekara. Mai karatu ya auna tsakanin 10,000 da 75, ya ga abin da buɗe ƙofa ya yi.

To, amma wanda ya ji wannan kada ya ce ai sai a kau da dokoki duka. Cikin 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa wanda aka haɗa da wani ruwa mai guba, irin wanda a ke zubawa a birkin mota, mai kashe ƙoda. Cikin 1995, sa'ad da sanƙarau ya ɓarke a ƙasar Nijar, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu wadda ba magani a cikinta. Cikin 2022 yara wajen 70 suka mutu a Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta yi gargaɗi a kan magungunan tari huɗu da aka kai can daga Indiya, an sami irin gubar nan a cikinsu. Ga shi nan, ƙasar da araha ta fito daga cikinta, daga can wannan ma ya fito. Bambancin kawai, wani kaya an gwada shi kafin a sha, wani ba a gwada ba. Hukumar nan ta ƙiyasta cikin 2017 cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, ɗaya cikin kowane magani goma jabu ne ko marar inganci. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Har wa yau annobar korona ta ƙara wani darasi. Cikin watan Oktoba 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka roƙi a jingine takardun mallaka har annoba ta wuce. Ba a amsa ba sai watan Yuni 2022, shi ma a kan allurar rigakafi kaɗai. Kafin nan ƙasashe masu arziki sun riga sun saye allurai tun ba a gama yinsu ba, Indiya kuma ta tsai da fitar da nata cikin 2021 da ciwon ya tsananta a gida. Masu wa'azin sakin ciniki, da wuta ta kama, kowa ya rufe ƙofarsa.

Abin da ya wajaba ga hukumomin Afirka ke nan guda uku. Na ɗaya, kada su sa hannu a kan wata yarjejeniyar ciniki da za ta tsawaita takardar mallaka ko ta tauye ikon da aka tabbatar musu a Doha. Na biyu, su ƙarfafa masu gwajin magani, kamar NAFDAC da aka kafa a Nijeriya cikin 1993, da Hukumar Magunguna ta Afirka wadda yarjejeniyarta ta fara aiki cikin 2021, mai mazauni a Kigali. A ba su ma'aikata da kayan gwaji da albashin da zai tsare su daga cin hanci. Na uku, su taimaki masu harhaɗa magani a gida, domin wanda ya dogara ga tukunyar maƙwabci ya kan kwana da yunwa.

Mai gida kuma yana da nasa rabo. Ya guji maganin da a ke talla a tasha ko a tire cikin rana, ya duba lambar hukuma da ranar lalacewa a jikin kwali kafin ya ba iyalinsa.

Tun dā ba a taɓa barin kasuwa ba sarki ba. Kowa ya kan kasa kayansa, amma akwai mai duba mudu. In an yi haka saboda gero da dawa, magani ya fi cancanta. Allah ya sa a gane. Wassalam.