Man goge tamoji: kafin ki tura kuɗin nan, karanta wannan zaren

1/
Jama'a, yau kan man "goge tsufa" zan yi magana. Ya cika mana WhatsApp da TikTok, har ya iso shagunan Tambuwal da Dogon Daji, ana aika shi Kebbe da Kuchi a motar kasuwa. Ra'ayina a taƙaice: akasarinsa asarar kuɗi ne, wani ma shi ke jawo tsufan da kike gudu.

2/
Mu fara da abin da ke kawo tamoji. Ƙarƙashin fata akwai wani sinadari, kolajin, shi ke riƙe ta kamar yadda azara ke riƙe rufin ɗaki. Shekaru na rage shi a hankali. Rana da hayaƙin taba kuwa gaggauta abin suke yi.

3/
A 2012 wata mujallar likitoci a Amurka ta buga hoton wani direban babbar mota mai shekara 69, wanda ya yi shekara 28 yana tuƙi. Gefen fuskarsa na hagu, mai kallon taga, ya yamushe sosai fiye da na dama. Mutum ɗaya, shekaru ɗaya. Rana ce ta bambanta su.

4/
To ku auna da ƙasarmu, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Iyayenmu na yini a gona da fadama, hunturu ya zo ya busar da abin da ya rage. Layin da ke goshin Inna ba rashin gyara ba ne, shaidar aiki ce. Mai yi mata dariya a hoto ya ji kunya wallahi.

5/
Yanzu ga haɗin da ake sayarwa a 'yar roba, ba suna ba lamba, wai "na gargajiya ne zalla". Kwana bakwai fuska ta yi sumul, ta yi haske. Ki tambayi kanki: wane ganye ne ke wannan aiki cikin mako ɗaya?

6/
Abin da aka saba samu a irin wannan haɗin uku ne. Na farko maganin kumburi mai ƙarfi irin su clobetasol. Likita kan ba da shi na ɗan lokaci don cutar fata. In aka mayar da shi man kullum, fata na sirancewa, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito. Siririyar fata kuwa ta fi saurin yamushewa.

7/
Na biyu hydroquinone. Dokar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba. Daɗewa ana shafa shi na iya barin baƙin tabo a kumatu, mai wuyar magani. Na uku zaiba, wadda ke ratsa fata ta je ta taɓa ƙoda, ta kuma iya cutar da ɗan da ke ciki.

8/
Ba ƙaramin abu ba ne fa. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Da mutane suka fara tsoron kalmar bilicin, sai wasu masu talla suka sake wa kayan suna: "mai maido da ƙuruciya". Riga ce kawai aka canza.

9/
Wanda aka rubuta wa kolajin a kwali fa? Ƙwayar kolajin ta yi girman da ba ta iya ratsa fata ta kai inda ake buƙatarta. Zai tausasa miki fuska, iyakarsa ke nan. Man kaɗe mai kyau na yin wannan aikin a kuɗi kaɗan.

10/
To mi ke aiki? Na ɗaya, kariya daga rana. A Ostareliya an bi mutum 903 har shekara huɗu da rabi, aka fitar da sakamako a 2013: masu shafa man kare rana kullum, tsufan fatarsu ya yi ƙasa da na sauran da kashi 24 cikin 100. In za ki saya, nemi SPF 30 ko sama.

11/
Na san za a ce man nan tsada gare shi, kuma baƙar fata na da kariyarta. Gaskiya ne, duhun fatarmu na jinkirta tamoji. Shi ya sa ma kankare shi da bilicin ya zama wauta biyu. Wanda ba shi da kuɗi kuma, ga malfa, ga lema, ga inuwa daga hantsi zuwa la'asar.

12/
Na biyu, tretinoin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙurajen fuska a 1971, daga baya don ƙananan tamoji a 1995. Amma magani ne, ba kwalliya ba. Yana ɗaukar watanni, yana sa ɓawo da raɗaɗi da farko, kuma mai ciki ba ta shafa shi.

13/
Don haka kar a saye shi a hannun mai talla. A ga likita a babban asibiti, in ta kama a nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wadda ta daɗe tana shafa haɗi ma likita za ta nema, don dainawa farat ɗaya kan sa fuska ta yi bore.

14/
Kafin ki biya, duba abu huɗu: lambar NAFDAC, jerin abin da ke ciki, ranar lalacewa, da sunan kamfani. Babu ɗaya daga ciki? Ajiye. An ce "sirrin gida ne"? Fuskarki ba wurin gwajin sirrin wani ba ce.

15/
Samari, ku ma da ku. Ku ne ke cewa mace ta tsufa tana shekara 28, ku kuma sayo haɗi ku zuba a lefe. Wasunku ma a ɓoye suke shafawa, gaɓɓan yatsu na tona asiri. A daina.

16/
'Yar shekara 21 ba ta da tamojin da za ta goge. Tace-tacen kyamara ne ya sa muke ganin layin murmushi kamar cuta. Sabulu mara kaifi, mai mai tausasa fata, kariya daga rana, isasshen barci, nisantar taba da shisha. Sauran kuɗin ki biya na makaranta.

17/
In akwai robar da ba suna a kan madubin Inna ko Yaya, ki karanta musu zaren nan yau, cikin ladabi. Allah ya ba mu tsufa mai albarka da lafiya.