Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Akwai wata ɗabi'a da ba na goyon bayanta, wato jefar da na'ura mai lafiya don kawai wani ɗan guntunta ya ɓata. Misalin da zan kawo shi ne katin sadarwa na tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, irin wanda ƙungiyar PCMCIA, wadda aka kafa a 1989, ta tsara.

Kaurin katin nan milimita 5 ne kacal, alhali ramin RJ45, inda ake cusa wayar sadarwa, ya fi haka kauri. Saboda haka sai maƙera suka yi wata gajerar igiya mai sada kati da waya. Gefen katin da ke shiga kwamfuta an daidaita shi a kan ƙofofi 68, amma a gefen waje kowane kamfani ya ƙera nasa baki. Ranar da igiyar ta ɓata, da wuya ta wani kamfani ta shiga, sai kati ya zama kurma.

A ganina, wanda ya tsinci kansa a wannan hali ya kamata ya harhaɗa tasa. Tsarin 10BASE-T na 1990 silin waya huɗu kawai yake bukata: na 1 da na 2 su aika saƙo, na 3 da na 6 su karɓa. Sai a buɗe katin a hankali, a bi hanyoyinsa da mita har a gano waɗannan huɗun, a liƙa su da dalma a jikin sabon rami. Sharuɗɗa biyu ne: a bar wayoyin a murɗe bibbiyu, domin murɗar ce ke hana saƙo gurɓata, sa'an nan a duba ko 'yar taransifomar da ke kāre kati daga mugunyar wuta tana cikinsa. In a tsohuwar igiyar take, sai a ciro wata daga mataccen kati.

Wani zai ce wahalar banza ce, tunda ga na USB a kasuwa da araha. To, USB sai a 1996 ta fito, kwamfutocin da suka girme ta ba su da raminta, ga shi kuwa a cikinsu akwai rubuce-rubucen da ba a kwashe ba. Bayan haka, wanda ya saya igiya kaɗai ya samu, wanda ya haɗa kuwa ya samu igiya da sani. Allah Ya sa mu gane.